Azumi ta zo, ko azumi ya zo?

Yau kan sunan Azumi za mu tsaya, don kuskuren da ake yi masa ya fara yawa.

Azumi laƙabi ne na 'ya mace da aka haifa cikin Ramadan, wata na 9 a lissafin Musulunci. In namiji ne sai a ce Ɗan'azumi ko Labaran, wadda ta zo da Sallah kuma Tasallah. Galibi ba shi ake raɗawa ran suna ba. Tana iya zama Hauwa ko A'isha a sunan yanka, gida kuma ya riƙa kiranta Azumi.

To, ga inda ake tuntuɓe. Mutane da yawa sun ɗauka sunan da kalmar ibadar abu guda ne a baki. A'a. Karin sautinsu dai ɗaya ne: sama, ƙasa, sama. Amma wasalin ƙarshe ya bambanta. Na ibada dogo ne, azumii. Na suna gajere ne, Azumi, a datse. Ka gwada da bakinka: "Na ga Azumi", sannan "Na ɗauki azumi". Ka ji yadda na farkon ya tsaya cak? Haka Hausa take yi in ta mai da kalma sunan mutum: saboo da Sabo, baƙoo da Baƙo, kyautaa da Kyauta. In kana ƙwala mata kira daga nesa ka ja wasalin, wannan daban, kira ne ya ja shi.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka babban harafi ne zai raba gardama. Mai rubuta "azumi ba ta da lafiya" da ƙaramin a ya yi wa baiwar Allah rowar harafinta.

Sai jinsi. Azumin ibada namiji ne: azumi ya zo. Mai sunan kuwa mace ce: Azumi ta zo. Amma a kula, ana cewa Azuminmu, ba Azumirmu ba, saboda -r tana bin sunan mace ne in ya ƙare da a, kamar Bintarmu. Shi ya sa muke da Ladinmu da Kandenmu.

Abin da ya fi damuna ba nahawun ba ne. Ku lura da wasannin barkwanci da finafinanmu: in ana neman sunan 'yar aiki ko 'yar ƙauyen da za a yi wa dariya, sau da yawa Azumi ko Kande ake ɗaukowa. Na san ɗalibar da ta roƙi ƙawayenta kada su kira ta Azumi a gaban 'yan aji, wai sunan tsofaffi ne. Haba! Iyayen da ba su da takardar haihuwa ne suka ajiye mata watan zuwanta duniya cikin gaɓa uku, watan da ya fi kowane daraja a wurinsu. Me ya zama abin kunya a nan?

Ba na ce dole kowa ya sa wa 'yarsa ba. Amma marubuci, in za ka yi amfani da shi, ka rubuta shi daidai, kuma wata rana ka ba likita ko lauya sunan a labarinka.

Akwai Azumi a gidanku? Shekarunta nawa, kuma ƙanana na gadon sunan?