Likitan gashi a Daura: a fara da aikin asibiti

Wani yayi ya shigo wa matasanmu da suka karanci gashin ƙashi a Jami'ar Bayero da takwarorinta. Da sun gama bautar ƙasa sai su kama shago, su zuba gado biyu da na'urar gashi, su kafa allo a bakin titi. Ban ga laifinsu ba, guraben gwamnati kaɗan ne, albashin kuma ba ya kai mutum ƙarshen wata. Suna kuma jin cewa a Amurka, inda aka ƙirƙiro kairofiraktik a 1895, wato gyaran gadon baya da hannu, da yawa daga masu wannan sana'a wurin kansu suke buɗewa.

Sai dai wanda ya buɗe wuri a ƙasar Daura, abokin gogayyarsa mai ɗori ne. Mutumin Baure ko Sandamu da ya faɗo daga babur, gidan ɗori ake fara kai shi, domin can aka ɗora ubansa, kuma abin da ya sawwaƙa ake miƙawa. Mai ɗori ba ya biyan haya, ba ya sayen man janareta. Yardar da ake masa gado ce, ita kuwa takardar rajistar MRTB, hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi, wadda dokar 1988 ta kafa, ba ta jawo wa sabon likita irin wannan yarda.

Ga kuma mai shanyewar ɓarin jiki, wanda watanni yake buƙata ana motsa masa gaɓoɓi. Iyalinsa za su biya zuwa uku ko huɗu, kuɗi ya ƙare. Ma'aikacin asibiti zai ci gaba da duba shi, amma mai shago da haya ke jiransa fa? Nan ne nake jin tsoro: ya fara riƙe masu ciwon baya da gashin da ba sa buƙata, don kawai a biya.

Shi ya sa nake roƙon ƙannenmu su fara da aikin asibiti, ko Babban Asibitin Daura ko na sojan sama da aka buɗe a 2019, in gurbi ya samu. A can hannu ke faɗawa, kusa da manya da hoton ƙashi, a can ake koyon gane ciwon bayan da tarin fuka ne ya ci ƙashin, wanda ba a dannawa, Asibitin Ƙashi na Dala ake tura shi. Waɗanda suka warke a hannunka a shekarun nan, su za su kawo maka 'yan'uwansu daga Zango da Mai'adua ranar da ka buɗe naka.