Kundayen ɗaliban William Ponty: yaya za mu karanta su?

Makarantar horon malamai da Faransa ta buɗe a Sanluwi ta ƙasar Senegal a 1903 ta koma tsibirin Gore a 1913, daga nan kuma Sebikotan a 1938. Ita ce aka sani da sunan William Ponty. Daga cikinta Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka fito, dukansu malaman lakwal ne kafin su shiga siyasa.

Tun daga 1933 aka riƙa sa ɗaliban ajin ƙarshe su rubuta kundi a kan al'adun garuruwansu: aure, abinci, magani, tatsuniyoyi. Kusan 800 daga cikinsu suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar. Masu bincike kan ɗauke su tamkar muryar ƴan ƙasa ta farko a rubuce. A ganinmu, wannan hukunci yana bukatar gyara.

Da farko, kundin aikin jarrabawa ne. Ɗalibi ya san Bature ne zai karanta ya ba da maki, saboda haka yakan bayyana gidan ubansa kamar baƙon da ya leƙo daga waje. Na biyu, da Faransanci ake rubutun, harshen uwa kuwa sai dai ya shigo a matsayin misali. Ƙa'idar rubutun Faransanci, wadda ta bar mana Tahoua da Tessaoua, ba ta raba baƙi da baki, ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti.

Tarihin Jori Hamani ya fito da matsalar fili. A 1938 ya tafi Paris yana koyar da Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke shirya kumandodin mulkin mallaka, alhali an hana waɗannan harsuna shiga aji a Maraɗi da Yamai. Wato Hausa ta cancanci mai mulki ya koye ta, amma ba ta cancanci yaro ya yi karatu da ita ba. A tsallaken iyaka kuwa, gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifi littattafan Hausa na farko na ƙagaggun labarai cikin boko.

Ba mu ce a watsar da kundayen ba. Sai dai duk kalmar da aka tsinta ciki a maida ta bakin masu harshen a tantance. Shaidar da suka fi bayarwa ita ce ta yadda aka koya wa ƴan boko na farko kallon harshensu a matsayin abin nazari, maimakon abin yin nazari da shi.