Ƙugiyar da ta faɗi: magana kan harafin ƴ

Ƴan uwa, a ɗan littafinmu na baya akwai labarin rabon gado da ɗaya daga cikinmu ya rubuta. Labari ne mai daɗi, amma jimlarsa ta ƙarshe ta kashe shi: "Alƙali ya ba yayan marigayi gona." Mun yi gardama a kanta har shayi ya huce. Wasu suka ce wan mamacin ya cinye gonar, an zalunci marayu. Wasu suka ce a'a, marayun ne suka samu. Da muka tambayi mai labarin, ya ce shi "ƴaƴan marigayi" ya rubuta a kayensa, wurin bugawa ne ƙugiya ta faɗi. Ƴar ƙugiya guda ta ɗauke gona daga hannun marayu ta miƙa wa baffansu.

To, mine ne wanga harafi, kuma daga ina ya hito?

Ku lissafa kalmomin da ke ɗauke da shi: ƴa, ƴaƴa, ƴar, ƴan, ƴammata, ƴanci, ƴanta. Ba su da yawa, kuma kusan dukkansu gida ɗaya suka taso, gidan "ɗa". Masana harshe sun nuna cewa sautin ƴ ya samu ne daga "ɗiy" da baki ya matse: ɗiya ta zama ƴa. Mu nan Arewa ba mu bukatar kowa ya ba mu shaida, don tsohuwar kalmar tana bakinmu. A Matankari har gobe uwa tana cewa "ɗiyata", kuma abin da Kano ke kira ƴanci tsofaffinmu ɗiyauci suke ce mishi. A nan ma'anar take: ɗa shi ne wanda ba bawa ba, ƴanci kuwa zama ɗa ne. Ashe haihuwa da dangi da ƴancin kai duk suna rataye a wannan ƙugiyar.

Ta wajen rubutu, harafin bai daɗe ba. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ba tare da haruffa masu ƙugiya ba. A shekarun 1930 ne ɓ da ɗ da ƙ suka shiga littattafan da ake bugawa a Zariya. Sautinmu bai samu nasa harafin a can ba, shi ya sa har yau Nijeriya ke rubuta 'y. Nijar ta ɗauki ƴ, kuma shi ne a cikin ƙa'idar rubutun Hausa da gwamnati ta tsayar a 1999. Fulani ma da shi suke rubutu, misali ƴiiƴam, wato jini.

Ni dai ina bayan ƴ, kuma dalilina na aiki ne. Ɗan waƙafin da ke gaban 'y abu ne mai saurin ɓacewa. Fotokopi ya dushe kaɗan, ya tahi. A farkon zance yakan haɗu da alamar buɗe magana, mai karatu ya rasa wanne ne wanne. Ita kuwa ƙugiya a jikin harafin take, kamar ɗ da ƙ.

Wani zai ce, ai kalmomi ƙalilan ne, mi ya sa za a tsare musu harafi sukutum? Ku dubi Japan. Suna da wani harafi, を, wanda na zana muku da hannu don injinmu bai san shi ba. Asalinsa harafin Sinanci ne mai ma'anar "nisa", aka yi ta rubuta shi da sauri har ya lanƙwashe ya koma haka, ma'anar ta zube, sauti ya rage. A da ana karanta shi "wo", yanzu galibi "o" ake cewa, kuma suna da wani harafin na "o". Da suka gyara rubutunsu a 1946 suka cire shi daga cikin kalmomi, amma suka bar mishi aiki guda: nuna abin da aikatau ya faɗa wa a jimla. Aiki ɗaya tak, kuma kowane ɗan firamare sai ya koye shi. Mutanen da ke ƙera wayoyi da motoci ba su ga ɓata lokaci a nan ba, sai mu da ke jin ƙyuyar danna y mu riƙe.

Amma akwai kuskure na biyu a labarin, wanda ya fi na mai bugawa ciwo, don na marubucin ne. Kakar marayun, tsohuwar da aka ce ba ta taɓa wuce Dogondutsi ba, an sa ta tana cewa "ƴaƴana". Wace kaka ce tamu ke magana haka? "Ɗiyana" za ta ce, da ya bar ta ta faɗi hakan ma da babu wanda zai ruɗe. Mun sha littattafan Kano da finafinansu har kunnenmu ya fara jin kunyar Hausar gida. Ba laifi mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, don mai karatu a Maraɗi ko Zariya ya gane. In tsohuwar Bagaji ko ta Lugu ta buɗe baki kuwa, a bar ta da harshenta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo kafin littafi na gaba. Duk mai kawo rubutu ya sa madannin Hausa a wayarsa. In injin ya ƙi fitar da ƴ, a bi takardar asali da biro a ɗora ƙugiyoyin kafin a kai ta fotokopi, aikin minti goma ne. Kuma mutum biyu su karanta kowane labari da ƙarfi, ɗaya ya duba haruffa, ɗaya ya saurara ko mutanen ciki suna magana kamar mutanenmu.

Mai labarin gado ya yarda zai sake kawo shi a gyare. Wannan karon a ba marayu gonarsu.