Talbijin ta Makaranta a Nijar da Yaron Kurfai: Sharhi kan Dabara da Harshe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna shirin koyarwa ta talbijin da aka gudanar a Nijar daga 1964 zuwa 1979, bisa ma'aunin ra'ayoyin masana kan yadda yaro yake koyo. An ɗauki yaron ƙasar Kurfai, watau Filinge da kewayenta cikin Dallol Boso, a matsayin abin misali, domin shi Bahaushe ne da yake zaune tsakanin Zabarmawa da Buzaye da Fulani, kuma Hausarsa ta bambanta da wadda ake bugawa a littattafai.

2.0 Abin da shirin ya dace da shi

An fara gwajin a Yamai da taimakon Faransa, sa'an nan a 1966 aka faɗaɗa shi zuwa ajujuwa wajen 20 a kewayen birnin. Saboda ƙarancin malamai, sai aka ɗora nauyin darasi a kan akwatin, aka sa mataimaka masu takardar firamare su tsaya da yara bayan ɗan gajeren horo. Daga 1968 aka soma kunna wasu akwatunan da hasken rana.

Ta fuskar tsari, shirin ya yi daidai da abin da B. F. Skinner ya kawo tun 1954, cewa a gutsuttsura darasi ƙanana-ƙanana, yaro ya ba da amsa a kowane mataki. Kowane shiri bai fi kwata ɗin awa ba, kuma a bayansa yara suna maimaitawa da wasa da kwaikwayo, abin da ya yi kusa da ra'ayin Jean Piaget na cewa da aiki yaro yake gina saninsa. Wannan ci gaba ne babba a kan hadda da bulala.

3.0 Inda gizo yake saƙa

Aibi na farko shi ne harshe. Duk darussan da Faransanci aka yi su, alhali tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara karantar da yaro da harshen uwa, kuma taron Bamako na 1966 ya riga ya tsara haruffan rubuta Hausa da Zabarmanci. Ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Yaron Kurfai ya zo da sanin gero da rijiya da ƙidayar shanu a kasuwa, amma duk da Hausa ya san su. Idan aka rufe wannan ƙofa, sai ya zama an aza masa kaya biyu a lokaci guda: sabon harshe da sabon ilmi.

Aibi na biyu yana cikin na'urar kanta. Sharaɗin Skinner shi ne kowane yaro ya tafi da saurinsa, a gyara masa kuskure nan take. Akwati kuwa yana magana ne, ba ya ji. Gyaran ya koma hannun mataimaki, wanda shi ne aka fi ƙaranta wa horo a cikin shirin duka.

4.0 Darasi ga masu tsarawa

Makarantun gwaji da aka fara da Hausa a Damagaram a 1973 sun nufi gyara aibi na farko, kuma dokar ilmi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Amma sauya harshe kaɗai bai isa ba. Nazarin da J. G. Malka ya buga a Harsunan Nijeriya a 1978 ya nuna bambancin furuci tsakanin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa. Alal misali, yaron da yake cewa hwari da hwata, idan ya ga an rubuta fari da fata, yana bukatar malamin da zai nuna masa cewa harafin f yana wakiltar sautin da yake furtawa, ba wai ya yi kuskure ba. Darasin da aka naɗa a Yamai ko Kano ba zai yi masa wannan ba, ko a talbijin yake, ko a wayar hannu.

5.0 Kammalawa

Bisa ga haka, duk wanda zai tsara darasi ta na'ura domin Kurfai, ya kamata ya fara da tattara karin harshen wurin, ya gwada darasin a kan yaran Filinge kafin a yaɗa shi, sa'an nan ya ware wa horon malami kaso na musamman tun kafin a sayi na'ura ta farko.