Jinjina ga Carlo Rossi, Mai Tsara Unguwa Sukutum

Yawancin masu zanen gine-gine gida ɗaya suke tsarawa su wuce. Carlo Rossi kuwa unguwa sukutum yake ɗauka, da titunanta da dandalinta, ya sa kowane gini ya dace da maƙwabcinsa. An haife shi a Naples ta Italiya a 1775, ya taso a Rasha, ya koyi aiki a hannun Vincenzo Brenna.

Ba don shi ba, da tsakiyar birnin St. Petersburg ba ta sami wannan kwarjinin ba. Hedikwatar sojojin da ya fara ginawa a 1819 ta lanƙwashe kamar baka a gaban Fadar Hunturu. Bayan gidan wasan kwaikwayo na Alexandrinsky, wanda aka kammala a 1832, akwai titin da ke ɗauke da sunansa: tsawonsa mita 220, faɗinsa 22, tsayin gine-ginen gefensa ma 22. Mai wucewa daɗin wurin kawai yake ji, bai san wani ya sha wahalar lissafi ba. Hatta kujerun Fadar Mikhailovsky sai da ya zana su, don shi ba ya raina ƙaramin aiki.

Kwalara ce ta yi ajalinsa a 1849, yana fama da talauci.