Jinjina ga Packers, Ƙungiyar Mutanen Gari

Green Bay, a jihar Wisconsin ta Amurka, ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi. A nan Curly Lambeau da George Calhoun suka kafa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Packers a 1919, wani kamfanin sarrafa nama ya biya kuɗin riguna. Yau magoya baya sama da 500,000 ke riƙe da hannun jarinta, ba sa karɓar ribar ko sisi. Sau 13 tana zama zakarar gasar ƙwallon Amurka.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin atisaye. Yara kan jeru da kekunansu a bakin filin wasan ƙungiyar, wato filin Lambeau, ƙaton ɗan wasa ya hau ɗan ƙaramin keke, mai keken yana gudu a gefensa rungume da hular kwanon ɗan wasan. Mutanen Green Bay, Allah ya bar zumunci.