Kek Ya Samu, Rago Bai Samu Ba



Wata Lahadi cikin watan jiya mun taso daga rumfa za mu sallar La'asar, muka tarar an toshe layi. Kanofi biyu, kujerun roba, lasifika tana girgiza kwanon gidaje, mata sun sha anko. Muka ce to, an ɗaura aure ke nan ba a gaya mana ba. Ashe yarinya ce ta cika shekara ɗaya. Ita mai bikin kuwa tana kafaɗar ƙanwar uwarta, an cusa ta cikin wata riga mai ƙaiƙayi, tana tsala kuka, wayoyi sun yi mata rumfa, kowa yana cewa ta yi dariya.

Abin da ya sa muka kasa haɗiye maganar shi ne, mu muka raɗa wa yarinyar nan suna bara. Ran nan uban ya ja mu gefe bayan Asuba, ya ce kasuwa ta yi masa nauyi, ba shi da halin rago. Muka ce ya kwantar da hankalinsa, addini bai ɗora wa kowa abin da ba ya iyawa ba, kuma a mazhabarmu idan bakwai ta wuce yankan ya faɗi, bai zama bashi a wuyansa ba. Har gobe muna kan wannan magana. Amma kuɗin kek da kanofi da mai kiɗa da buhun shinkafa na ran nan, ko makaho ya shafa ya san sun sayi rago har da canji, kuma rabinsu rance ne. Mun zauna da shi ido da ido kafin mu ɗauki biro, ya ce mu rubuta, don ba shi kaɗai ba ne. Gaskiya ya faɗa.

Ba fatawa muka zo bayarwa a kan bazde ba, wannan malamai sun yi ta magana a kai. Tambayarmu ƙarama ce: cikin rayuwar yaran nan da Allah ya ba mu, me muke ɗauka abin tunawa, kuma wa yake riƙe da shi?

Mu da muka haura hamsin, yawancinmu hotonmu na yarinta ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a shagon mai hoto ran Sallah, an tsaya ƙiƙam kamar soja, hula ta rufe kunne. Amma je ka tambayi tsohuwarka. Za ta ce an haife ka shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wato 1973, ƙanenka kuma yana goye lokacin ambaliyar Ogunpa ta 1980, da ruwa ya ci gidaje da mutane a garin nan. Ta san wace kaka aka kai ka wurinta yaye, da kwana nawa ka yi kana ƙin kunu. Ta san ranar da ka ɓace aka tsince ka kana barci a bayan huhunan goro ana shirin lodi zuwa Arewa. Ta faɗi labarin nan sau ɗari, a gaban baƙi, a gaban matarka, har ka haddace shi kamar kai ka gani. Da irin waɗannan labaran muka san ko mu su wane ne a garin da ba na kakanninmu ba.

Yau hoton yaro guda a waya ya fi ƙarfin ƙirga. Sai a fizge wayar a Dugbe, ko ta faɗa bokitin wanki, ko ta cika a goge na da don a samu wurin na yanzu, shi ke nan shekara uku ta tafi. Uwar ba ta riƙe a ka ba, don ta dogara cewa yana cikin waya. Kuma ma me ake ɗauka? Ba yaron yadda yake ba. Sai an canja masa kaya, an kai shi jikin motar maƙwabci ko bangon da ya sha fenti, an ce ya yi kaza da hannu. Gidanmu na haya, da layin banɗaki da safe, da koko da ƙosai a tsaye, da yara uku a kan okada ɗaya za su makaranta, duk an yanke su daga hoton kamar abin kunya. Alhali nan ne rayuwar take.

Akwai wanda ya fi wannan ci mana rai. Za ka ga an kunna waya an sa yaro ɗan shekara huɗu ya yi Hausa, ya ce "ruwa ta zube" ko ya kira ƙofa da kofa, ya cakuɗa da Yarbanci da Turanci, manya suna ta ƙyaƙyata dariya a bayansa. Kafin Magariba bidiyon ya kai Agege, ya kai Kano, ya kai Kumasi. Jama'a, wa ya hana shi Hausar? A makarantar boko Turanci yake ji, a layi Yarbanci, a gida kuma an miƙa masa waya yana kallon katun don ya bar mutane su huta. Ran da aka kai shi gida hutun Sallah, 'ya'yan baffanninsa sun riga sun ga bidiyon, suna jiransa da tsokana. Mun ga yaron da ya dawo daga irin wannan tafiya ya daina buɗe baki da Hausa gaba ɗaya, ko gaisuwa sai da kai. Ba mu ce jin Yarbanci aibi ne ba, mu kanmu da shi muke ciniki, kuma yaron da ya tashi da harshe uku ya fi mu jari. Amma wanda ya kamata ya fara samu a ɗakin uwarsa shi muka mai da abin wasa.

Haka masu ɗaukar yaro tsirara yana wanka, ko yana kuka an yi masa faɗa, ko ya yi fitsarin kwance, su ɗora a sitatus. Yaron nan zai girma, zai nemi aure, wataƙila ya ja sallah a masallacin nan. Iyayenmu da suke ɓoye jariri har arba'in suna tsoron kambun baka, mukan ce sun cika camfi. To su dai ba su taɓa tallan tsiraicin ɗansu ba.

Sai kuma bikin gama nazare. Ɗan shekara biyar an sa masa alkyabbar digiri da hula mai tunku, an karɓi kuɗin riga, kuɗin hoto, kuɗin abinci, uba ya rufe shago ya je ya zauna tun safe. Madalla, karatu abin murna ne. Amma ranar da aka wanke wa yaron nan sabon allo aka rubuta masa farkon karatu, wa ya raka shi? Yayarsa 'yar shekara tara. Ranar da ya kai Sabbi, wadda da akan yi sadakar waina a raba wa yaran makaranta, uban bai ma sani ba. Kuɗin Laraba kuwa, wanda bai kai na katin waya ba, sai malam ya aika sau uku. Muna zaune da malaman allon unguwar nan, mun san abin da muke faɗa.

Abin mamaki, bikin nan da kanofi da anko a wurin maƙwabtanmu Yarbawa muka gani muka ɗauka, amma muka bar abin da ya fi kyau a wurinsu. Ku saurari tsohuwar Bayarabiya idan jikanta yana kuka. Za ta ɗauke shi ta shiga jero masa oriki, kirarin gidansu, da sunan kakanni da garin da suka fito, har ya yi shiru. Kafin ya shiga makaranta ya san asalinsa. Mu ma muna da namu. Kaka tana kiran jikanta mijinta tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba, tana kiran jikanyarta kishiya, ana Gizo da Ƙoƙi bayan Isha'i, ana gaya wa yaro sunan wa ya ci da dalilin da ya sa ake ce masa Abba ko Ummi. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, kuma da irin wannan zaman na tsakar gida Hausa ta kai fiye da shekara ɗari a tsakiyar Ibadan ba ta ɓace ba.

Kada mata su ce da su muke. Yarinyar da aka auro daga Katsina ko Maraɗi, tana ɗaki ɗaya da yara uku, uwarta tana can nesa, in ta ɗauki ɗanta yana rarrafe ta aika wa tsohuwa, wallahi lada ta samu. Da sai an jira direban goro ya kai wasiƙa ko kaset, labarin haƙorin yaro ya isa bayan ya fara tafiya. Wannan alheri ne, ba mu da ta cewa. Laifin ya fi yawa a kanmu maza. Mu fita bayan Asuba yara suna barci, mu dawo bayan Isha'i, mu ajiye leda, mu wuce teburin mai shayi har sha ɗaya ana musun siyasa da ƙwallo. Sai shekara ta zagayo mu kashe kuɗi a yini ɗaya, mu ce mun yi wa yara.

Da kanmu za mu fara. Autanmu, ranar da ya fara takawa, a waya muka gani muna tsakiyar ƙirga goro, alhali tsakanin rumfarmu da gida bai kai tafiyar minti goma ba. Muka nuna wa abokan ciniki, aka yi barka, muka ci gaba da ƙirga. Da muka zauna rubuta wannan, sai muka tambayi kanmu ko wace kalma ya fara faɗa. Ba mu sani ba. Uwarsa ta ce tana jin akwai a tsohuwar wayarta, wadda ta lalace.

Sai muka shiga ɗakin tsohuwa, wadda ido ya yi mata rauni, ko lambar waya ba ta iya dannawa. Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce "omi" ya fara cewa, ran wata Talata da zafin rana, yana miƙa hannu wajen randa, don haka yake ji a bakin matar ɗakin da ke kallon namu. Ta ce ita kuma duk sanda ya ce omi sai ta ce masa ruwa kafin ta ba shi moɗa, kullum, har wata biyu, sannan ya kama.